Muryar Hashimu Dillali

Ranar da za a raba gadon Hashimu Dillali a Takanamat, ƙanensa Tukur ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka kira liman, aka kuma yi shela cewa duk wanda ya san akwai wani abu na mamaci a hannunsa ya kawo. Mutanen Adar ba sa wasa da wannan. Kana iya riƙe hauyar mutum shekara da shekaru yana raye, kuna gaisawa safe da yamma, ko a jikinka. Amma ranar da ya kwanta dama, jikinka har rawa yake ka mayar da abin mutane. Wani ya kawo guga, wani ya kawo akumarin jaki, wata tsohuwa ta aiko da basilla a naɗe cikin tsumma, ta ce a yafe mata jinkiri.

Raƙiya, autar marigayin, tana cikin zaure tare da mata, tana jin komai ta bakin ƙofa. Ita ma akwai kayan mamaci a hannunta, kuma nata ba ya naɗuwa cikin tsumma.

Ɗaliba ce a jami'a a Tawa, tana karatun kwamfuta. Ita da abokin karatunta Shafi'u suka haɗa wata manhaja ta waya, wadda manomi ko makiyayi zai kira ya ji yadda akuya da rago da tiyar hatsi suka kwana a kasuwannin Takanamat da Tebaram da Bambeye da Tawa, ba sai ya iya karatu ba. Abu ne mai son murya, kuma muryar da mutanen karkara za su yarda da ita. To wa ya fi babanta? Hashimu ya ƙare rayuwarsa tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma kowa ya san shi da abu guda: in ya ce maka akuya lafiyayya ce, ba sai ka buɗe bakinta ba. Da hutu ya zo, Raƙiya ta zaunar da shi a rumfa ta kafa masa waya a gaba. Ya faɗi lambobi, ya faɗi sunayen kasuwanni da na dabbobi, ya yi gaisuwar safe da ta yamma. Da abin ya yi masa daɗi sai ya zarce da labarai, na shekarun fari, na ɓarayin shanu, na wani raƙumi da ya ƙi mai shi a tsakiyar kasuwa. Ita kuwa ba ta kashe wayar ba, ta naɗe duka. Da suka gama ya kaɗa mata yatsa yana dariya.

"Aro na na ba ki hwa, Auta. In kin ƙare jarrabawa ki maido mani abina."

Bayan hutu sai ga wani kamfanin waya daga Yamai, ba sai na kama suna ba, ya zo da gasar ɗalibai. Aka raba riguna da huluna, aka sha lemo, aka ce wanda manhajarsa ta yi fice zai samu sabuwar kwamfuta da gurbin koyon aiki a babban ofishin kamfanin. Wakiliyarsu, wata Madam Zeinabou, ta tsaya ta karanta sharuɗɗa da Faransanci mai gudu, ɗalibai kuwa hankalinsu na wajen rububin riga. Raƙiya ta ji an ce aiki zai zama na kamfani. Ta ji sarai, amma gabanta bai faɗi ba, don 'yar dillali ce. A kasuwar da ta tashi tana gani, mutum yakan kama akuyarka ya mammatsa ta, ya duba haƙoranta, ya ja ta har gefen rijiya ya nuna wa wansa, kai kuma kana zaune kana shan furarka, don har yanzu taka ce. Ba ta zama tasa sai ya taya, kai kuma ka buɗe baki ka ce ka sallama. A ganin Raƙiya gasar nan nuna kaya ce. Su nuna, kamfani ya duba, in sun ci sai a zauna a yi magana. Shafi'u ya tura aikin da muryar da labaran da komai, don a lokacin ba wanda ya yi tunanin tsince wani abu.

Ba a daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da Hashimu, bai tashi ba. Ana gobe rabon gado kuma Shafi'u ya bugo waya, yana ta ƙoƙarin ɓoye murnarsa saboda makoki, ya ce suna cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe.

"Saura wa?" in ji Tukur daga waje. "In da wanda bai kawo ba shi hwaɗi, kahin Malam shi soma."

Raƙiya ta ji shi sarai. Tana iya yin shiru, ba wanda zai sani. Amma mutumin da ake tara wa kayan nan bai taɓa ɓoye aibin dabba ba, ga shi tsohuwa ma ta maido da basilla. Ta matso bakin ƙofa ta durƙusa.

"Baba Tukur, akwai abu guda wurina."

"Mi na na, Auta?"

"Muryatai. Muryar Baba. Tana cikin na'ura."

Wasu samari suka fara dariya suka haɗiye. Liman bai yi ba. Ya sa ta yi bayani, ta yi, tun daga zaman rumfa har zuwa gasar. Ya tambaye ta ko da bakinsa marigayi ya ce aro. Ta ce da bakinsa.

"To aro na," in ji liman. "Abin aro na mai shi na, in mai shi ya kau ya zama na magada. Sai dai wagga ba ta rabuwa, ba ni iya hidda ma uwarki sumuni ga murya. Ta zamna hannunki amana. Ba a saida ta, ba a ba da ta kyauta, sai uwarki da yayyenki sun yarda."

Aka kira yayyenta maza biyu da ke ci-rani a Abijan, aka ajiye wayar a tsakiyar tabarma. Babban ya ce shi bai yarda muryar ubansa ta shiga hannun wani kamfani ba. Ƙaramin ya ce abin da babban ya ce. Tukur ya juyo wajen zaure ya ce, "Kin jiya?" Ta ce ta ji.

Mahaifiyarta, Inna Safi, tana ɗaki tana takaba. Da Raƙiya ta shiga yi mata sallama ta tambaye ta ko tana son a kunna mata ta ji. Inna ta girgiza kai, ta ce, "Bari dai, Auta. Ba ni iyawa yanzu."

A motar kasuwa da ta maido ta Tawa, tana matse tsakanin buhunan wake da wata mata mai kaji, tunani ya sa ta a gaba. Lambobi da sunayen kasuwa ba su dame ta ba. Labaran ne. Ita ta karanta abin, ta san in aka ba na'ura dogon zancen mutum ta saurara, tana iya koyon muryarsa, har ta riƙa faɗin abin da shi bai taɓa faɗa ba. Sai ta lallashi kanta cewa ai ba su ci ba tukuna, ba a taya ba, ba ta sallama ba. Ta yi ta maimaita wannan a ranta har suka shigo gari, amma tsoron bai sake ta ba.

Shafi'u ɗan Damagaram ne, aikin asibiti ya kawo mahaifiyarsa Tawa. Yaro ne mai kirki, har Takanamat ya je ta'aziyya, amma yana da kwamfutar da sai an ɗaure murfinta da roba take tsayuwa, kuma tun ranar da aka ambaci Yamai ya riga ya zaɓi rigar da zai sa. Da ta gaya masa hukuncin liman a gindin bishiyar da suke zama, sai ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake cirewa.

"Ke Raƙiya, ki yi wa Allah. Mun kai final, sai yanzu za a ce murya gado ce? A wane littafi?"

"Littahin da anka raba gonarmu da shi," in ji ta. "In munka ci, ta zama tasu. Ni kuwa ba tawa ta ba, balle in ba su."

"To mu janye ke nan? Duk wahalar da muka sha?"

Ba ta so ya janye. Rabin aikin nasa ne, shi ya kwana biyu yana fama da na'urar har ta iya haɗa lamba da sunan kasuwa ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Can sai shi da kansa ya ce a cire muryar tsoho a sa tasa.

Haka suka yi. A falon mahaifiyarsa, an kashe fanka saboda ƙara, gumi na zuba, Shafi'u ya zauna yana faɗin farashin akuya kamar mai karanta labarun rediyo. In ya ce tunkiya sai ka rantse bai taɓa ganin tunkiya ba sai a faranti. Mahaifiyarsa ta leƙo daga madafa ta yi dariya har da riƙe ciki. Raƙiya ma ta yi, karo na farko tun rasuwar, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Suka tura sabon aikin. Ta tambaye shi ina tsohon ya tafi, ya ce sabon ya hau kansa ya danne shi.

"Ka tabbata?"

"Haka dai ake yi."

Wannan "dai" ɗin ya tsaya mata a rai. Ta nemi lambar Madam Zeinabou ta yi ta kira don ta ji daga bakinta, wani lokaci ta yi ta ringi ba a ɗauka, wani lokaci a ce tana taro. Abinci ya daina shiga. A aji malami na magana, ita tana kallon allo tana ganin tabarmin ƙofar gidansu. In wayarta ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi kafin ta duba.

Ranar ƙarshe aka yi taron a zauren wani otal a cikin gari. An ɗaura balan-balan, an jera kujerun roba, manyan baƙi a gaba da ruwan gora, ɗalibai a baya da rigunan kamfani. Raƙiya ta zauna kusa da Shafi'u. Addu'arta ma ta rikice, ba ta san ko ta roƙi su ci ko ta roƙi su faɗi ba.

Madam Zeinabou ta karɓi makirfo tana fara'a. Ta ce kafin a fara, kamfani yana da abin mamaki ga mutanen Adar. Ta ce injiniyoyinsu a Yamai sun yi aiki tuƙuru, sun samar da na'ura ta farko da ke magana da Hausar wannan yanki, kuma ita ce za ta yi wa baƙi maraba. Ta ɗaga hannu, wani ya danna wani abu.

Lasifika ta ɗan yi gyaran murya. Wannan gyaran muryar kaɗai ya isa, Raƙiya ta san shi tun tana goye.

"Salamu alaikum, manyan baƙi. Barkanku da zuwa, kun sha hanya. Kamhwaninku na amana shina gaishe ku."

Babanta ne. Da yadda yake jan "to" kafin ya shiga magana, da 'yar dishewar nan ta mutumin da ya sha ƙurar kasuwa. Ya kira sunan kamfanin, sunan da bai taɓa fita daga bakinsa ba yana raye, ya yaba wa shugabanninsa, ya yi wa ɗalibai fatan sa'a. Zaure ya kaure da tafi. Wani babban mutum a gaba har da cewa, "Wallahi awa wani tsoho na ƙauyenmu!" Raƙiya ta so ta miƙe ta yi ihu, amma tana nan zaune har tafin ya lafa. Shafi'u ya sunkuyar da kai, bai iya kallonta ba.

Da aka kira su shi kaɗai ya yi bayani, ita tana tsaye a gefensa kamar an dasa ta. Muryarsa ta fito daga manhajar tana karanta farashin tunkiya, alƙalai suka yi murmushi suka yi rubutu. Ba su ci ba. Wasu yara da suka yi manhajar biyan kuɗin makaranta su suka tafi da kwamfutar.

Ana watsewa ta tare Madam Zeinabou a wajen teburin lemo.

"Madam, muryar da kunka sa, ta babana ta."

"Ah, ke ce? To ai sai murna! Ki gaishe shi, ki ce duk Nijar za ta ji shi."

"Ya rasu."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskar matar. Ta ajiye kwalbar da ke hannunta ta kama hannun Raƙiya ta yi mata ta'aziyya, kuma ba ta baki ba ce, har idonta ya kawo ruwa. Abin da ya fi ba Raƙiya haushi ke nan daga baya, da matar muguwa ce da ta samu wanda za ta tsana.

"Mun hidda ta, Madam. Mun turo wata."

"Na gani. Amma ta farkon ta riga ta shiga."

"Ai ban sallama ba. Ba mu ci ba, ba ku taya ba, ba a yi ciniki ba. Nuna muku munka yi."

Madam Zeinabou ta dube ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda ya zo tasha bayan mota ta tashi.

"Ƙanwata, ba ciniki ba ne, konkur ne, gasa ce. Duk abin da aka shigar, tun ranar da aka shigar da shi ya zama na kamfani, da na wanda ya ci da na wanda bai ci ba. Ni na karanta muku da bakina."

Gaskiyarta, ta karanta. Raƙiya ta shiga yi mata bayanin aro, da liman, da yayyenta na Abijan, da uwarta da ke takaba, magana na hawa kan magana. Matar ta saurara har ƙarshe, ta ce za ta kai zancen Yamai. Wataƙila ma ta kai, ni ban ce ba ta kai ba. Abin da na sani shi ne ba wanda ya sake kiran Raƙiya.

Ta je wajen wani malaminsu da ya san shari'a. Ya ce akwai magana a ciki, tunda mai muryar bai ba kamfani da kansa ba, magada suna iya kai ƙara, sai dai a nemi lauya a Yamai, kuma ta shirya yin haƙuri mai tsawo. Shafi'u ya ce zai tsaya shaida, ya ce laifinsa ne da ya tura labaran, ta ce ya bar wannan zancen. Gida kuwa ba ta faɗa wa kowa ba. Kullum tana cewa gobe za ta kira Baba Tukur, gobe ta zo ta ce jibi. Ta rataya ranta a kan fata guda, cewa muryar za ta tsaya can Yamai tana yi wa manyan baƙi maraba, ba za ta taɓa hawo dutsen Adar ba.

Ana shirin Layya wayarta ta yi ƙara. Tukur ne. Bai amsa gaisuwarta ba.

"Ki zaka gida."

Shi ya tarbe ta inda motar kasuwa ke sauke mutane, ya ja ta gefe bayan wata rumfa. Ba ta taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"Ranar kasuwa," ya ce, "ina tsaye wurin awaki, wayar Lawali mai hatsi ta yi kuka. Yad ɗauka, sai na ga mutum ya saki waya cikin kwano shina salati. Kahin mu gane, ta wani ta ɗauka, ta wani ta ɗauka. Hashimu na! Hashimu cikin aljihun kowa! Kin san mi shika cewa? Wai a danna ɗaya a shiga tambola, a ci ragon Layya. Caca, Auta! Mutumin da ko dara ba shi zama wurinta in an aza kuɗɗi. Kuma mutane na dannawa, don sun ce Hashimu ba shi ƙarya."

Raƙiya ta durƙusa a ƙasa, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

"Baba, wallahi ban saida ba. Ban sallama ba."

"To wa ya sallama?"

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce zancen liman da yayyenta yana nan tafe, amma ba shi ne na farko ba. Ya ce sun yi iya ƙoƙarinsu kada uwarta ta ji, an gargaɗi matan gida, ba mai ɗaga zancen a gabanta. Amma abu ya cika gari, gara ta ji daga bakin wadda aka ba amana.

Tsakanin kasuwa da gidansu ba nisa, amma ranar sai da ta ji kamar a ƙara mata hanya. Ta tarar da Inna Safi a ɗaki, zaune a kan tabarma da carbi, takabarta ta kusa ƙarewa, ta rame ta yi haske. Suka gaisa. Inna ta tambayi karatu, ta tambayi yaron nan ɗan Damagaram, ta sa aka kawo fura. Raƙiya ta riƙe ludayi ta kasa kai shi baki. Ta fara, "Inna, akwai magana..."

Inna ta ɗaga gefen tabarma ta ciro 'yar wayarta, tsohuwa mai maɓallai, wadda lambobinta suka goge don daɗewa. Ta ajiye ta a tsakaninsu.

"Bayan la'asar shika kira," ta ce.

Raƙiya ta matso kusa da ita.

"Inna, ba shi na ba. Na'ura ta. Sun ɗauki..."

"Na sani, Auta. Gabana anka hita da shi. Ban haukace ba." Ta ja carbinta. "Su Tukur na ɓoye mani, ni ma ina ɓoye musu. Ki bar su."

Aka kira sallah, suka yi, suka dawo suka zauna. Inuwa ta ja a tsakar gida, ana jin daka daga maƙwabta. Raƙiya ta kasa ɗauke ido daga wayar. Tana roƙon Allah a ranta kada ta yi ƙara yau, ko rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, ko caji ya ƙare. Can kuma sai ta kama kanta tana son ta ji shi, ko da sau ɗaya, sai kunya da baƙin ciki suka rufe ta.

Wayar ta yi ƙara.

Inna ta gyara lulluɓinta, ta gyara zama, sannan ta ɗauka da hannu biyu. Lasifikar a buɗe take, muryar ta cika ɗakin.

"Salamu alaikum. Da hwatan an wuni lahiya."

"Wa alaikumus salam, Malam," in ji Inna a hankali. "Lahiya lau."

Ya ci gaba da zancensa, bai saurare ta ba. Ya ce Layya ta matso, ya ce akwai raguna manya masu ƙaho suna jiran masu rabo, ya ce shi da kansa yana ba da shawara kada a bari dama ta wuce. Inna tana gyaɗa kai kamar yadda takan yi in yana ba ta labarin kasuwa da yamma. Sannan ya ce a danna ɗaya, ya yi shiru.

Inna ta dubi maɓallan da suka goge, ta dubi 'yarta.

"Kullum nan shika tsayawa," ta ce. "Shi yi ta jira, ni ko ban san wurin ba, har shi gaji shi kashe. Tunda anka kawo ni gidanga bai taɓa sa ni abu na bar shi shina jira ba."

"Inna, caca ta. In kinka danna..."

"Ban ji amsa ba," in ji muryar Hashimu, da haƙurinsa na dillali. "A danna ɗaya."

Inna Safi ta miƙo wa Raƙiya wayar.

"Ke kinka yi karatu, Auta. Gwada mani ɗayan."